Mulkin Yunanawa da Rumawa, da Abin da Suka Bar wa Na Baya

 Kowanenmu ya san sunan Rum tun yana riƙe da allo, gama akwai sura a cikin Alƙur'ani mai girma wadda take ɗauke da wannan suna. Wanda ya taɓa karatun Manɗiƙi kuma ya ji sunan Arisɗo da Aflaɗun. Attajiri in ya zo tambayar nisabin zakka, da dinari da dirhami ake lissafa masa, su kuwa kalmomin nan biyu asalinsu sunayen kuɗin Rumawa ne da na Yunanawa, wato dinariyus da dirakma. Amma kaɗan ne daga cikinmu suka ji yadda mutanen nan suka mulki garuruwansu. Shi nake nufin in zana yau, domin akwai matsala guda wadda suka yi shekaru ɗaruruwa suna fama da ita, har yau kuwa ba ta bar duniya ba: yaya za a ba mutum iko, sa'an nan a hana shi cin jama'a da ikon nan? Mai karatu ya lura, shekarun da zan fara kawowa na kafin haihuwar Annabi Isa ne, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, saboda haka lissafinsu raguwa yake yi.

A zamanin nan ƙasar Yunan ba ta da sarki ɗaya. Duwatsu da teku sun rarraba ta, kowane birni da gonakinsa da dokarsa da rundunarsa. Wanda labarinsa ya fi isowa gare mu shi ne Atina. Abin da ya fara tayar da maganar mulki a can kuwa bashi ne. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma nasu ya wuce misali: talaka yakan ci bashi ya jinginar da kansa, in ya kasa biya sai a sayar da shi bawa, wani lokaci har da 'ya'yansa. Da fitina ta yi kusa tashi, a shekara ta 594 aka ba wani mutum mai suna Solon wuƙa da nama, aka ce ya gyara. Ya yafe basusuka, ya sa aka tumɓuke duwatsun jingina da aka kakkafa a gonaki, ya hana a bautar da ɗan gari saboda bashi. Ya kasa mutane kashi huɗu bisa gwargwadon abin da gonarsu take bayarwa, na sama shi ne mai awo 500 a shekara, aka daina duban asali kaɗai wajen ba da muƙami. Abin da ya fi ba ni sha'awa ga wannan mutum shi ne da ya gama, abokansa suka zuga shi ya riƙe garin ya zama sarki, ya ƙi. Ya bar ƙasar shekara goma don kada a matsa masa ya sake dokokin.

Bai hana abin da yake tsoro ba. Tun yana da rai wani mai suna Fisistaratus ya ƙwace mulki da dabara da 'yan kulki, ya mutu ya bar wa 'ya'yansa. Sai a 510 aka kori na ƙarshensu. Bayan shekara biyu Kilistenis ya kawo tsarin da aka sani da dimokuraɗiyya, ma'anarta a harshensu ikon jama'a. Ya rushe tsofaffin ƙabilu ya ƙirƙiro goma sababbi, kowace ya haɗa mata mutanen birni da na bakin teku da na karkara, don kada wani babban gida ya sami ƙabilar da zai ja kamar akuya. Kowace ƙabila ta ba da mutum 50, aka sami majalisa mai mutum 500 wadda take shirya abin da za a tattauna. Yanke magana kuwa na taron 'yan gari ne duka, suna haɗuwa bisa wani tudu kamar sau arba'in a shekara, kowa yana da izinin tashi ya yi magana, maƙeri ne ko mai jirgi, sa'an nan a ɗaga hannu a ƙirga.

Ga wani abu da malamai za su so su ji. Mu yau in an ce ƙuri'a, zaɓe ake nufi. Amma a littattafan Fiƙihu ƙuri'a ita ce wadda ake jefawa tsakanin mutanen da haƙƙinsu ya yi daidai, kamar masu rabon gado in an kasa dukiya. To, wannan ta biyun ita mutanen Atina suka fi dogara gare ta. 'Yan majalisar nan 500, da yawancin masu muƙami, da alƙalai, duk da ƙuri'ar jefawa ake fitar da su, shekara ɗaya tak. Hujjarsu ita ce zaɓe yana karkata ga mai kuɗi da mai suna da mai zaƙin baki, Arisɗo ma ya lissafa zaɓe cikin alamun mulkin manya. Shugabannin yaƙi goma da masu riƙon wasu baitulmali su ne suka yarda a zaɓa, don ba a ba wanda bai iya ba ragamar runduna. Kowane mai muƙami kuwa in shekararsa ta cika sai ya tsaya a yi masa hisabi, ba shi da izinin barin gari sai an wanke shi. In kuma suka ga wani ya yi girman da ake tsoro, sai su taru kowa ya rubuta suna a kan tsingaro, wanda sunansa ya fi yawa ya bar gari shekara goma, ba a taɓa dukiyarsa. Masu tono sun sami dubban tsingaron nan, da sunayen a jiki.

Kada mai karatu ya ɗauka adalci ya cika a nan. Mata ba su da baki, bayi kuwa suna da yawa ƙwarai. Baƙon da ya zauna yana ciniki, ko ya shekara talatin, ba ya shiga taro, ba ya sayen gona ko gida sai da izini na musamman, ga harajin dirakma 12 kowace shekara. Su kansu masu taron, zuciya takan ɗebe su. A 427, bayan mutanen Mitilini sun yi musu tawaye, taro ya yanke a kashe mazajen garin duka, aka tura jirgi da umarni. Da gari ya waye suka yi nadama, suka tura jirgi na biyu, matuƙa suna ci suna tuƙi dare da rana, suka isa ana gab da zartarwa. A 406 shugabannin yaƙinsu suka ci nasara a teku, amma hadari ya hana su ceton waɗanda jiragensu suka nutse, taro ya fusata ya kashe shida daga cikinsu da hukunci ɗaya, alhali dokarsu ta ce a yi wa kowa shari'arsa dabam. A 399 kuma alƙalai wajen 500 suka yanke wa Suƙuraɗu hukuncin shan dafi. Almajirinsa Aflaɗun bai yafe wa dimokuraɗiyya wannan ba har ya mutu, littattafansa kuwa su suka fi yawo a duniya. Shi ya sa aka yi shekara wajen dubu biyu masu ilmi suna ambaton mulkin Atina a matsayin abin gudu. Mulkin da kansa ya ƙare a 322, a hannun Makidoniyawa, mutanen Iskandar.

Rumawa, can ƙasar Italiya, wata hanya suka bi. Labarinsu ya ce a 509 suka kori sarkinsu saboda zalunci, suka rantse ba za su ƙara yin sarki ba. Sai suka raba ikon sarki ga mutum biyu, ana ce musu konsul, shekara ɗaya suke yi, kowane yana iya hana abin da ɗan'uwansa ya umarta. Bayansu akwai majalisar dattawa mai mutum wajen 300, sunanta sanatus, daga kalmarsu ta tsoho. In masifa ta taso sukan naɗa mutum ɗaya mai cikakken iko, amma wata shida iyakarsa. Wannan tsari suka kira abin jama'a, shi ne yau ake fassarawa jamhuriya.

Nan ma bashi ya tayar da ƙura. A 494 talakawa, waɗanda su ne sojan gari, suka gaji da ɗaurin masu bin bashi, suka kwashe suka fita bayan gari suka zauna bisa wani tudu, suka ce manya su yi yaƙinsu da kansu. Tilas aka sulhunta. Aka ba su wakilai nasu, wanda duk ya taɓa jikin wakilin nan jininsa ya halatta, shi kuwa wakili in ya ce ya hana, magana ta tsaya ko daga bakin konsul ta fito. Sa'an nan suka nemi a rubuta doka, domin a da tana cikin kan manya ne, su faɗe ta yadda suka ga dama. A 451 da 450 aka rubuta ta a alluna goma sha biyu aka kafa a kasuwa, yara suna haddace ta. Dokar tana da tsanani: wanda bashi ya tabbata a kansa ana ba shi kwana 30, in bai biya ba a ɗaure shi kwana 60, a fito da shi ranar kasuwa sau uku ko wani zai fanshe shi, in ba a samu ba a sayar da shi ƙetaren kogi. Duk da haka talaka ya sami abin da ba shi da shi jiya, ya san iyakar abin da za a yi masa. A 326 aka hana bautar da ɗan gari don bashi, a 367 aka buɗe wa talakawa muƙamin konsul.

Zaɓen Rumawa fa ba a ƙirga kai. An kasa jama'a ƙungiya 193 bisa dukiya, kowace ƙungiya murya ɗaya. Mawadata suna da 98, marasa komai kuwa duk yawansu an cusa su cikin ɗaya. In manya suka haɗa baki, an gama kafin a zo kan na ƙasa. Akwai kuma wata doka ta 218 wadda fatake za su gane hikimarta: an hana ɗan majalisar dattawa mallakar babban jirgin fatauci, wanda ya wuce ɗaukar tulu 300. Sai dai manyan suka riƙa sa barorinsu suna yi musu cinikin a ɓoye.

Wani Bayunane mai suna Folibiyus, wanda aka kawo Rum garkuwa a 167, ya zauna ya duba abin da ya sa birni ɗaya ya rinjayi duniyarsu cikin ɗan lokaci. Ya ce sirrin shi ne sun gauraya mulki iri uku: konsul kamar sarki, majalisa ta manya, taro na jama'a, kowane yana bukatar sauran biyu, kowane yana tsoronsu. A riƙe wannan magana, za mu komo gare ta.

Abin da ya kashe jamhuriyar nan nasara ce. Da suka ci ƙasashe, suka rushe Kartaja a 146, dukiya da bayi suka kwararo. Manya suka saye gonaki suka zuba bayi, manomin da ya yi shekaru a fagen fama ya komo ya tarar ba shi da ko taki ɗaya. A 133 wakilin talakawa Tibiriyus Girakus ya kawo dokar rage wa manya filayen hukuma a raba wa marasa gona, 'yan majalisa suka fito da ƙafafun kujeru suka kashe shi da mutanensa wajen 300, shi da aka rantse ba a taɓa jikinsa. Daga ranar nan kowa ya gane kulki yana iya soke doka. A 107 Mariyus ya ɗebi marasa dukiya aikin soja, su kuwa ba su da abin sa rai sai abin da shugabansu zai ba su, saboda haka biyayyarsu ta koma gare shi. A 88 Sulla ya shiga birnin da runduna. A 49 Yuliyus Ƙaisar ya yi haka, aka naɗa shi mai cikakken iko har mutuwa, muƙamin nan na wata shida. 'Yan majalisa suka soke shi da wuƙaƙe ran 15 ga Maris, 44, suna zaton jamhuriya za ta komo da kanta, sai yaƙin basasa ya ƙara shekara goma sha uku.

Wanda ya ci shi ne magajin Ƙaisar, wanda aka yi wa laƙabi da Agustus a 27. Wannan ya fi kowa wayo. Bai kira kansa sarki ba, ya ce shi na farko ne kawai cikin 'yan gari. Ya bar majalisa tana zama, ana naɗa konsul kowace shekara, ana naɗa wakilan talakawa. Shi dai ya riƙe runduna da dukiyar Masar da ikon hanawa na wakilin talakawa. Sunaye duk suna nan, abin da ke cikinsu ya tafi. Ya yi shekara arba'in da ɗoriya a haka, aka sami zaman lafiya da hanyoyi da ciniki, ba mai musun wannan. Watannin Yuli da Agusta da muke faɗa sunayen mutanen nan biyu ne. Amma da aka sami miyagun magada ba sauran mai hana su sai wuƙa. Har a shekara ta 193 bayan haihuwar Annabi Isa dogaran fada suka kashe sarki, suka sa sarauta a gwanjo, wani attajiri Didiyus Yuliyanus ya taya ya saya, ya yi kwana 66 aka kashe shi.

To, me ya saura ga na baya? Na farko doka. Mulkin Rum na yamma ya faɗi a 476, na gabas ya ci gaba a Ƙusɗanɗiniyya, su ne Rumawan da Sahabbai suka sani. Sarkinsu Justiniyan ya sa malaman doka suka tattara fatawoyin magabatansu, suka tace su cikin littafi 50, aka gama a 533. Ciniki, haya, jingina, amana, tarayya, wasiyya, duk suna ciki. Aka manta da aikin a Turai, sai a ƙarshen ƙarni na goma sha ɗaya aka fara karantar da shi a Bolonya, ɗalibai suka riƙa zuwa daga ko'ina. Daga wannan tushe Faransa ta ɗebi mai yawa cikin littafin dokar da Nafoliyon ya fitar a 1804, shi kuma ta kai shi ƙasashen da ta mulka, har Nijar da Chadi. Ingila ta bi al'adar alƙalanta, shi ya sa kotunan da ta bar wa Nijeriya ba su ɗauki kamar Rum sosai ba.

Wasu Turawa masu binciken Gabas sun ce Fiƙihunmu ma daga dokar Rum aka ɗebo shi, suna kafa hujja da kamanni, misali ɗora wa mai da'awa kawo shaida. Ni ban ga ƙarfin wannan ba. Kama da wane ba ta wane ba ce. Duk inda mutane suke saye da sayarwa hankali yakan kai su ga abu ɗaya. Babbar makarantar dokar Rum da ke Bairut girgizar ƙasa ta rushe ta tun 551, kafin haihuwar Manzo, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, usulin Fiƙihu kuwa sanannu ne. Abin da Musulmi suka karɓa a fili shi ne aikin ofis. A Sham an ci gaba da rubuta diwanin haraji da Yunananci har zamanin Abdulmalik ɗan Marwan, shi ya mai da shi Larabci, shi ne kuma ya buga dinarin Musulunci marar hoto a shekara ta 77 ta Hijira, bayan an daɗe ana ciniki da zinariyar Rum. Wajen hikima kuwa, an fassara littattafan Yunan a Bagadaza zamanin Ma'amun da bayansa. Farabi, wanda ya rasu a 950, ya bi sawun Aflaɗun cikin littafinsa na birni mafifici. Ibn Rushdi na Ƙurɗuba, mai Bidayatul Mujtahid da muke karantawa, ya yi sharhin littafin Aflaɗun na mulki, ya ce ya yi haka ne don na Arisɗo a kan siyasa bai iso hannunsa ba.

Na biyu shi ne maganar Folibiyus. Bafaranshe Monteskiyo ya sabunta ta a 1748, ya ce a raba masu yin doka da masu zartarwa da masu shari'a. Mutanen Amurka da suka zauna rubuta tsarin mulkinsu a 1787 sun ƙoshi da tarihin Rum, suna kuma tsoron irin taron Atina. Saboda haka suka yi shugaba mai wa'adi, wanda yake iya hana doka, suka yi majalisa biyu, ta sama suka ba ta sunan ta Rum. Nijeriya ta ɗauki wannan tsari a 1979. Ashe duk wanda ya ce sanata a kasuwar Kurmi, Rumanci ya yi bai sani ba. Ƙuri'ar jefawa da hisabin kowace shekara da wa'adin shekara ɗaya, waɗanda su ne haƙoran tsarin mutanen da, yawancinsu ba a ɗauko su ba; abin da ya rage na ƙuri'ar shi ne yadda ake fitar da masu taya alƙali yanke hukunci a Ingila da Amurka.

Sunan Ƙaisar ma ya yi yawo. Sarakunan Jamus da na Rasha sun ɗauke shi, Sultan Muhammadu Fatih da ya ci Ƙusɗanɗiniyya a 1453 ya kira kansa Ƙaisar na Rum. Ita kuwa majalisar dattawan birnin Rum, ta yi shekara 600 tana zama bayan Agustus ya zare mata iko. Labari na ƙarshe da aka rubuta game da ita na shekara ta 603 ne, sa'ad da ta taru don yi wa hoton sarki Fokas da na matarsa maraba, wanda aka aiko daga gabas. Fokas ɗin nan shi ne Hiraƙlu ya tumɓuke a 610, Hiraƙlun da aka kai wa wasiƙa daga Madina. Wajen 630, kusan lokacin Fatahu Makka, Fafaroma Honoriyus ya mai da zauren majalisar coci, ginin kuwa yana nan tsaye a Rum har yau.